Ɗakin da Ya Ƙi Rushewa

Delphine Carrière ta ajiye tsohuwar hular sanyinta a tsakiyar tebur, bakin hular yana kallon sama, sai hirar ofis ta mutu da kanta. Duk wanda ya yi ko da hunturu ɗaya a kamfaninmu ya san ma'anar wannan hula. Ni kuwa tun da na fito daga gida zuciyata take gaba ina biye da ita, har bas ta wuce tashar da nake sauka ban sani ba. Na dawo da ƙafa a cikin iskar garinmu Winnipeg mai yankan kunne, ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Manhaja guda ce sana'armu. Da ita mutanen unguwanni suke kama lokacin wasa a dandalin zamiya kan ƙanƙara, su biya kuɗi, su duba jadawalin wasannin hoki na 'ya'yansu, su aika wa juna saƙo. Ni da Renato Dimaculangan, wanda muke kira Ren, muke kula da fuskarta, wato abin da mutum yake gani yana taɓawa a allon wayarsa. Wannan fuska ta tsufa, ta harɗe. In ka gyara maɓallin biyan kuɗi sai kalanda ta karkace, in ka miƙe kalanda sai saƙonni su ɓace. Muna ta lallaɓa ta a haka har kamfaninmu ya haɗe da wani na garin Saskatoon, aka ce ran Litinin ma'aikatansu za su fara zuba hannu a cikin aikinmu. Hannu huɗu ma da ƙyar suke motsi a ciki ba su yi karo ba, balle hannaye da yawa.

Tun farkon kaka na kawo sabon tsari. Na ce a raba fuskar manhaja ɗaki-ɗaki, kowane aiki da foldarsa: ɗakin kama lokaci, ɗakin biya, ɗakin jadawali, ɗakin saƙo. Kada wani ɗaki ya miƙa hannu cikin wani. Abin da ɗakuna suka yi tarayya a kansa a fitar da shi waje, a folda guda da muka sa wa suna tsakar gida. Ren bai yarda ba. Shi a ganinsa a ci gaba da facin tsohuwar, tun da an san halinta. Delphine, wadda ita ce shugabarmu, ta ba ni kakar in gina nawa a gefe, ta ce hula ce za ta raba gardama. In tsarina ya tsaya, a kansa mutanen Saskatoon za su yi gini, ni ne kuma zan jagorance su. In ya faɗi, a naɗe shi a ajiye, in koma gyaran maɓallai.

Ba ni kaɗai na yi ginin ba. Muna da mataimaki na ƙirƙirarriyar basira wanda yake rubuta manhaja in an umarce shi, Ren ya laƙaba masa suna Gordie, sunan ya bi shi. Gordie ba ya gajiya, ba ya gunaguni, amma kowace safiya sabo yake tashi, bai san al'adar gidan da yake aiki ba. Saboda haka na rubuta masa darasi, 'yar gajeriyar takarda da yake karantawa kafin ya taɓa komai, wadda ta bayyana masa ɗakunan da dokokinsu. Na daɗe ina sassaƙa jimlolin darasin nan. Ina alfahari da shi fiye da kundin da na rubuta a jami'a, domin kundin babu wanda ya taɓa aiki da shi, wannan kuwa ina kallon sa yana zama bango da ƙofa a gaban idona. Aikin da zai ci shekara Gordie ya tashe shi kafin kogi ya daskare. Da farko ina bin kowane layi da ya rubuta. Daga baya, da na ga kullum alamar gwaji kore take nunawa, wato komai lafiya, sai na koma kallon alamar kawai.

Al'adar hula kuwa mai sauƙi ce. Delphine ba ta sauraron dogon bayani a kan tsari. Takan rubuta sunan kowane sashe a guntun takarda, ta zuba a hula, ta zaro ɗaya. Sashen da ya fito a goge shi ɗungurungum a gaban kowa, a kan kwafin gwaji, sannan a kunna manhaja. In sauran sun tsaya da ƙafarsu, tsari ya ci. In gogewar ta ja su sun zube tare, magana ta ƙare.

“Farfesa, ka ci wani abu kuwa?” in ji Ren, wanda da wannan suna yake tsokanata, yana turo mini kwanon lumfiya, wani naɗaɗɗen abinci irin na ƙasarsu da mahaifiyarsa ta soya. “Ci ka ƙoshi. Ba kyau mutum ya sha kaye da yunwa.”

“Ajiye mini rabona,” na ce. “Bayan nasara ya fi daɗi.”

“Kun ji shi ko? Ate Del, zaro mana mu gani, kafin kansa ya fi ƙarfin ƙofa.” Haka yake kiran Delphine, yadda 'yan gidansu suke kiran babbar ya.

Delphine ta kau da kai, ta cusa hannu a hula, ta zaro takarda ta warware.

“Kama lokaci,” ta ce.

Wani ya yi fito daga baya. Wannan ɗaki shi ne zuciyar manhajar, dominsa mutane suke buɗe ta. A tsohon tsari da a ce an taɓa shi, ko sunan kamfani ba zai saura a allo ba. Ni kuwa daɗi ne ya rufe ni. Da ma shi nake fata, don kada a ce sa'a ce ta cece ni.

Na haɗa kwamfutata da babban allon bango. Na nuna foldar, na goge ta, kowa ya ga ta ɓace. Na kunna manhaja. Ƙaramar da'irar jira ta yi ta juyawa.

Sai shafin farko ya buɗe, tsaf, babu ko ɗigon ja.

Ofis ya ɗauki tafi. Na buɗe ɗakin biya, yana nan. Jadawali, yana nan. Saƙonni, suna nan. Na ji wani zafi mai daɗi ya hau mini wuya har kunne. Duk shirun da na yi a kakar nan, duk ranakun da na zauna ina tambayar kaina ko ni mai gini ne ko mai son zane kawai, sai na ji an amsa mini a gaban shaidu. Delphine ma ta gyaɗa kai, ta fara naɗe hularta.

Ren bai tafa ba, domin hannunsa ɗaya yana riƙe da lumfiya, ɗayan yana wasa da wayar gwaji. Na ga ya tsaya da tauna.

“Farfesa.”

“Na'am?”

“Wane ɗaki muka goge?”

“Kama lokaci. A gabanka aka yi.”

“To ai ni yanzun nan na kama mana ƙanƙara ran Asabar da hantsi, a dandalin unguwarmu. Har ta ce mini ta gode.”

Ya ɗaga wayar. Dariyar da ta fara tashi ta tsaya a rabi. Na karɓa na danna da hannuna. Shafin kama lokaci ya buɗe kamar ba abin da ya same shi: ga kalanda, ga sa'o'in da ba a kama ba, ga maɓallin tabbatarwa. Na zaɓi wata rana, ta karɓa. Abu guda ne kawai ya ɓace a duk shafin, wani ɗan hoton takalmin ƙanƙara da yake zama a kusurwar sama.

“Ikon Allah,” in ji Ren. “Mun rushe ɗaki, mun dawo mun tarar da mai ɗakin yana shan shayi a ciki.”

Na buɗe tsakar gida, foldar da na ƙaddara 'yar ƙarama ce, ta launuka da maɓallai da siffar haruffa. Na yi ta gangarawa ƙasa, ba ta ƙare ba. Kalanda tana can. Lissafin farashin sa'a yana can. Shafin kama lokaci sukutum yana can, da na biya, da rabin na saƙo. Ɗakunan da na yi kaka ina taƙama da su kango ne, sai suna kawai a ƙofa, ciki wayam. Kowa ya kwashe kayansa ya koma tsakar gida da zama.

Na rubuta wa Gordie tambaya a gaban kowa, amsarsa ta fito a babban allo cikin ladabinsa na kullum. Ya ce darasi ya umarce shi cewa duk abin da ɗaki biyu suke bukata a mai da shi tsakar gida. Jadawali ya bukaci akwatin kama lokaci, sai ya fitar da shi. Akwatin kuma yana bukatar kalanda da farashi, su ma suka bi shi. Saƙon tunatarwa ya bukaci shafin gaba ɗaya, shi ma ya fita. Ya rufe da cewa bai taɓa barin wani ɗaki ya miƙa hannu cikin wani ba, ko sau ɗaya.

Gaskiya ya faɗa. Tsohuwar harɗaɗɗiyar manhajarmu ce ya sake gina mini, ya dai sauya mata adireshi, kuma da jimlata ya yi aikin.

Delphine ta yi dariya har da share ido, ta kira ni da sunana. “Anselm, na ga tsari ya faɗi, na ga tsari ya tsaya. Yau ne na fara ganin wanda aka kashe ya ƙi mutuwa.”

“Amma ai sauran sun tsaya,” in ji wani daga cikin masu tafin ɗazu. “Doka ta ce in sun tsaya ya ci.”

“Doka ba ta taɓa zaton sai an ce abin da aka goge ya tafi ba,” ta ce. Ta dube ni, dariyar ta ragu. “In na sa mutanen Saskatoon a kan wannan, duk a folda guda za su taru suna taka ƙafar juna. Yau zan aika musu da amsa, kafin in tafi ɗauko 'yata.” Ta nuna taga da haɓa, inda rana take rataye a kan rufin tsohon sito na tsallaken titi. “In ta faɗa bayan wancan rufin, zan sake zaro takarda. Sau ɗaya.”

Ranar hunturu a garinmu ba ta da haƙuri. Na koma teburina na buɗe darasin, ina kallon jimlar da ta yi mini wannan aiki. Abin mamaki, ba baƙin ciki nake ji ba. Wani irin ɗoki ne, irin na wanda ya daɗe yana jin motsi a cikin bango, yau ya ga ramin. Jimlar ba kuskuren alƙalami ba ce. Imanina ce. Tun shekarar farko a jami'a aka dasa mana ƙyamar rubuta abu ɗaya sau biyu, na riƙe ta kamar tsarki, na kuma miƙa ta ga ma'aikacin da ba ya gajiya da biyayya.

Kujera ta yi ƙara a gefena. Ren ne ya jawo tasa, da kwanonsa.

“Kai da kake so in faɗi?” na ce.

“Ina so ka faɗi mana. Amma ba irin wannan faɗuwar ba, ta yi arha da yawa. Matsa in gani.”

Muka fara gardama, irin wadda ba mu taɓa yi ba, domin a karon farko abu guda muke ja, ba juna ba. Na ce a hana Gordie kai komai tsakar gida sai da izini. Ren ya ce to mun mai da shi yaron aike, kullum yana tsaye a kanmu yana jiran sa hannu. Ya ce a ƙayyade girman foldar. Na ce zai cika ta da abin da ya fara samu, ya bar na kirki a waje. Muna cikin haka idona ya sauka a kan sunayen da ke tsakar gida: farashin ƙanƙara, sa'ar dandali, ƙungiyar hoki. Na miƙe tsaye ban sani ba.

“Tsakar gida ba ta san sana'armu ba!”

“Zauna, Farfesa, mutane suna kallo.”

“Saurara. Maɓalli bai san ƙanƙara ba. Launi bai san hoki ba. Duk abin da ya ambaci dandali, ko sa'a, ko dala, ko ƙungiya, yana da mai shi, ya koma ɗakin mai shi. Abin da za a iya ɗauka a kai wa mai sayar da takalma ya yi aiki da shi, shi kaɗai ne na tsakar gida.”

Ren ya yi lissafi da ido. “To in jadawali yana son akwatin kama lokaci fa? Nan ne ya fara kwasar kaya.”

“Nan ne ban sani ba.”

“Ya ƙwanƙwasa mana,” ya ce, yana buga tebur da ɗan yatsa. “Kowane ɗaki a yi masa taga guda. Maƙwabci ya zo taga ya ce, a buɗe wa wannan mutumin akwati. In an amsa, to. In ba kowa a ɗakin, ya ɓoye maɓallinsa ya ci gaba da harkarsa, ba kuka ba faɗuwa.”

Na rubuta, yana gyara mini, yana cewa in rage nahawu, Gordie ba kwamitin jarrabawa ba ne. A wannan karon ban tsaya ga doka ba, na rubuta masa dalili: muna so a iya cire kowane ɗaki ya tafi da duk kayansa. Na ƙara da cewa in ya ga bin wata doka zai kai ga saɓanin wannan, ya tsaya ya tambaya. Sannan muka sake shi.

Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Sunaye suka fara tashi daga tsakar gida suna komawa ɗakunansu, ɗaya bayan ɗaya, sannan garke-garke. Alamar gwaji ta yi ja, ta yi kore, ta sake yin ja a wani wuri, Gordie ya bi ta ya ɗinke. Biyayyar da ta kwashe gidan ita ce take mai da shi, da saurin da ido ba ya iya bi. Wannan karon kuwa muna karantawa. Ren ya ɗauki ɗakin biya, na ɗauki na saƙo, muna kiran juna kamar masu sauke kaya daga mota.

“Farashi ya isa gida!”

“Tunatarwa ta shiga, rufe ƙofa!”

Mutane suka bar aikinsu suka tsaya a bayanmu da kofunan kofi. Hasken taga ya fara yin ja.

Sai Gordie ya tsaya, ya yi tambaya. Kalanda, in ji shi, ta san sa'a ta san dandali, saboda haka ba ta tsakar gida ba ce. Amma ɗakin kama lokaci yana bukatarta, ɗakin jadawali ma haka, kuma ba aike ba ne da za a yi ta taga, kowannensu a jikinsa take. Wa zai ba?

Na san amsar, na kuma ƙi ta. Na ce wa Ren wataƙila a yi wa kalanda ɗakinta.

“Sai a goge ɗakin nata, biyu su faɗi tare. Ba shi amsa, rana tana tafiya.”

“Kalanda biyu, Ren. Abu ɗaya, sau biyu, da saninmu.”

“Wa ya ce abu ɗaya ne? Ta kama lokaci tana nuna inda ba kowa. Ta jadawali tana nuna inda ake wasa. Kama suka yi, kamar ni da ƙanena, amma ba ma sa wando ɗaya.”

Na dubi taga. Gindin rana ya taɓa rufin sito. Na sa yatsu a kan madannai, na ji kamar zan sa hannu a takardar barin wata ƙungiya da na daɗe a cikinta. Na rubuta: kowane ɗaki ya riƙe tasa. Da na aika, sai na ji wata iska ta shige ni, har na yi dariya da ƙarfi, abin da ba a saba ji daga teburina ba.

Alamar ƙarshe ta koma kore lokacin da saura ɗan jan baki kawai a saman rufin. Delphine ta riga ta sa rigar sanyinta, makullin mota a hannu. Ta ajiye hula, ta zaro.

“Jadawali.”

Ren ya dafe kai. “Ɗakin kalanda. Ate Del, hular nan taki tana da ido.”

Na goge foldar. Na kunna. Da'irar ta juya, shafin farko ya buɗe. A tsakiyarsa, inda jerin wasannin mako yake zama, babu komai sai fari.

“Kada kowa ya tafa!” in ji Ren. Ya ɗauki wayar gwaji ya shiga farauta, yana leƙa kowane lungu kamar mai neman ɓera a kicin. Ya shiga saƙonni, maɓallin duba wasa ya ɓoye kansa. Ya shiga biya, ya biya. Ya shiga kama lokaci, kalandarsa ta buɗe lafiya lau, ga ɗan hoton takalmi ya dawo kusurwarsa. Ya nemi jadawali ta gaba, ya neme shi ta baya. Daga ƙarshe ya ajiye wayar a hankali.

“Ya mutu,” ya ce. “Wallahi ya mutu murus.”

Ihun da aka yi ya fi na farko nesa ba kusa ba. Manyan mutane masu digiri suna tsalle suna nuna wani farin fili a allo, suna rungumar juna saboda abu ya ɓace. Ren ya cusa mini lumfiya mai sanyi a baki, ya ce rabona ne na bayan nasara.

Delphine ba ta shiga ihun ba. Ta matso kusa da allo, ta sa yatsa a can ƙasan shafi, cikin ƙananan rubutun da ba mai karantawa. Kalmar Jadawali tana nan, ita kaɗai. Ta danna, ta kai ta shafin da babu komai.

Ta daɗe tana kallon kalmar. Sannan ta zazzage takardun daga hula, ta kifa ta a kanta, ta ja ta har kunne.

“Wannan ka bar shi yadda yake,” ta ce. “Ran Litinin da shi za ka fara. Ka nuna wa mutanen Saskatoon yadda aka yi ya saura, su cire shi da hannunsu.”

Ta fita tana danna waya. Ren ya miƙa hannu zai dawo da foldar da aka goge, na riƙe masa hannun riga.

“Dakata tukuna.”

“Me kuma?”

“Bar ni in ƙara kallon sa kaɗan.”

Ya dube ni, ya dubi farin filin, ya girgiza kai. Ya jawo kujerarsa ya zauna kusa da ni, muka ci gaba da kallo tare.